Lamba Ba Ta Gyara Baiti: Martani ga Mai Cewa Intanet Ta Ishi Sabon Mawaƙi

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi wa matasan Dutse masu sha'awar waƙa albishir a rubutunsa na kwanan baya. A taƙaice, cewa ya yi zamanin neman wanda zai saurari waƙarka ya gyara maka ya wuce. Yaron da ya haɗa waƙa a Takur ko Fagoji, in ji shi, ba sai ya hau mota zuwa Kano ya yi ta zaman jiran wani babban mawaƙi ya ba shi minti biyar ba. Ya ɗora ta a TikTok da YouTube kawai, jama'a su ne alƙalai, lamba kuma ba ta ƙarya. In waƙa ta yi, za a gani a yawan masu kallo. In ba ta yi ba, shirun da za a yi mata ya ishe shi darasi. Ya kafa hujja da Mamman Shata, wanda bai yi yaron kowa ba a harkar waƙa, ya kuma kawo Hamisu Breaker da yadda "Jaruma" ta cika wayoyin Arewa a 2020.

A kan batun Kano ba ni da ja. Duk wanda ya san harkar ya san abin da ƙaramin mawaƙi ke gani: ya haɗa kuɗin mota da ƙyar, ya bi ta Kwanar Huguma da Wudil, ya kwana a shagon abokinsa, da safe a ce masa oga ya fita, ya dawo jibi. In waya ta raba yaro da wannan wahala, sai hamdala. Inda muka rabu da Malam marubucin shi ne ya cakuɗa tambayoyi biyu. Ɗaya ita ce, waƙata ta yaɗu? Ɗayar kuma, a ina waƙata ta karye? Lambar masu kallo tana amsa ta farko, ita ma ba kullum da gaskiya ba. Ta biyun kuwa ko kusa da ita ba ta zuwa, alhali ita ce mai koyo yake bukata.

Mu fara da Shata, tun da shi aka jingina. Gaskiya ne bai gaji kiɗa ba, kuma jama'a ne suka zame masa makaranta. Amma wace irin jama'a? Mutane ne tsaye a gabansa a dandali da kasuwa, yana kallon ƙwayar idonsu. In ya jefa ɗan waƙa ya ji guɗa ta tashi, ya san wannan ya zauna. In ya ga an fara hira da juna, ko 'yan baya sun soma zamewa, ya san ya ja da yawa, nan take ya juya akala. Ga masu kalangu a gefensa, ga 'yan amshi waɗanda in kalma ta yi musu nauyi a baki za a ji a amshin. Hukunci yana zuwa masa ɗango-ɗango, a daidai lokacin da gyara zai yiwu. Yaron da ya ɗora waƙa daren Juma'a ya wayi gari ya ga mutum 300 sun kalla, me ya koya? Bai san ko a baiti na biyu aka gudu ba, ko muryarsa ce ta nutse cikin kiɗa, ko kuwa a daren ana buga ƙwallon Turai ne kowa hankalinsa na can.

Kuma Shata ba shi ne ƙa'ida ba. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, sannan ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Makaɗan fada ba sa kai wa sarki ɗanyar waƙa. Sai an zauna a gida da 'yan amshi an yi ta bita, wannan ya yi ƙari, wancan ya ce nan bai hau kiɗa ba. Abin da muke ji a faifai yau shi ne abin da ya tsira daga wannan zama.

Yanzu mu dawo gida, mu duba su wa ne alƙalan da Malam ya miƙa wa yaranmu. Dutse ba Legas ba ce. Gari ne da ya zama babban birnin jiha a 1991, ya cika da ma'aikatan gwamnati, ɗalibai suka ƙaru bayan an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, amma har yau in ka zauna a majalisa sau biyu za a gano ɗan gidan wa ne kai. Masu waƙar sha'awa a nan su ne ɗalibin Poli, tela, mai gyaran waya, ƙaramin ma'aikaci a sakatariya. Waɗanda za su fara jin waƙarsu kuwa 'yan ajinsu ne, da 'yan unguwa, da 'ya'yan ƙannen uwa. Wa zai fito a bainar jama'a ya ce wa ɗan maƙwabcinsa muryarsa tana kaucewa, alhali anjima za su tsaya sahu ɗaya a sallar Magariba? Kara ba za ta bari ba, kuma ban ga laifinta ba, ita ke riƙe da zaman unguwa. Sai dai abin da take haifarwa a nan shi ne "Allah ya ƙara basira" da "fasihi, ba ka da na biyu" da jerin hotunan wuta. Addu'a ce mai kyau, Allah ya amsa. Amma babu baiti ɗaya da ta taɓa miƙewa saboda ita.

Su kuma 'yan'uwansa masu koyo, abin da ke tsakaninsu adashen yabo ne: ka zuba a tawa yau, in zuba a taka gobe, ranar kwasa kowa ya tafi da abin da shi ma ya bayar, ba riba ba faɗuwa. Wanda ya kuskura ya faɗi gaskiya an ce hassada ce. Baƙin da ba su san yaron ba, waɗanda ake sa ran su ne za su yi adalci, yawancinsu ba sa cewa komai, wucewa suke yi. 'Yan kaɗan da ke tsayawa su yi magana sukan tsaya ne a kan hularsa ko haƙoransa.

To bari mu bar baki mu koma ga lambar kanta, wadda aka ce ba ta ƙarya. A yankinmu waƙa ba ta intanet kaɗai take tafiya ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender, mai dawunlodin a bakin kasuwa ya zuba wa ɗari a memori, mai adaidaita ya yi ta kaɗa ta daga Yalwawa zuwa Garu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai bayyana a lissafin YouTube. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wanda zai kalli bidiyo ɗaya sau biyar da datarsa sai wane da wane. Ta ɗaya gefen kuma, ana sayen lamba. Ana biyan su TikTok da YouTube su tura bidiyo gaban mutane, ana biyan masu tashe a TikTok su taka rawa da waƙa. Wannan talla ce, ba haramun ba ce, amma in ɗan mai hali ya tara dubu hamsin ɗan tela ya tsaya a ɗari huɗu, aljihu aka auna.

Ko da an cire kuɗi da memori daga lissafi, matsalar ba ta ƙare ba. A 2006 wasu masu bincike uku a Jami'ar Kolambiya ta Amurka, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun tara waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, suka ba mutum 14,341 dama su saurara su sauke wadda suke so. Wani rukuni ba a nuna musu zaɓin kowa ba. Sauran aka kasa su gida takwas, kowane gida yana ganin sau nawa 'yan gidansu suka sauke kowace waƙa. Waƙoƙin dai su ne ba a canza ba, amma sakamakon ya sha bamban daga gida zuwa gida. Wadda ta yi sa'ar samun 'yan farko sai ta yi ta tara jama'a, don mutane inda suka ga an taru nan suke nufa. Abin da ya tsaya kawai shi ne, waɗanda suka fi kyau ba su cika faɗuwa warwas ba, waɗanda suka fi muni ba su cika yin zarra ba. Duk abin da ke tsakani kuwa ko'ina yana iya faɗawa. Mai koyon da ke da ɗan abin hannu a wannan tsakiyar yake zaune, daidai inda lamba ta fi zama caca.

"Jaruma" ba ta rushe wannan ba. Hamisu Breaker ya yi shekara da shekaru yana waƙa kafin 2020, ya san situdiyo, yana da masu sauraro. Waƙar kuma ta faɗo a lokacin kullen korona, mutane na zaune a gida da waya a hannu, mata suka ɗauke ta da rawa. Ƙwarewa ce ta haɗu da lokaci. Wanda ya nuna wa mai koyo wannan ya ce ga hanya, bai nuna masa dubban waƙoƙin da aka ɗora a shekarar nan suka nutse ba, masu kyau da marasa kyau a rami ɗaya.

Abin da ya fi damuna a rubutun Malam shi ne ya ɗauki waƙa kamar abin da ko dai ya yi ko bai yi ba, babu abin faɗa a tsakani. Waƙar Hausa kuwa tana da wuraren karyewa sanannu, kowanne da sunansa. Akwai kari, yadda gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi ke jeruwa a ɗango. In aka cusa gaɓa ɗaya fiye da kima sai ka ji mawaƙi yana gudu yana haɗiye kalma don ya cim ma kiɗa. Akwai amsa-amo, inda yara da yawa ke jawo kalmar da ba ta da aikin komai sai don ta ƙare da sautin da ake nema. Akwai turke: a faro da begen masoyiya, baiti na uku a koma habaici ga maƙiya, na huɗu a gaishe da mai gida, mai sauraro ya rasa wace waƙar yake ji. Sai wanda ya fi ɓoyuwa, wato karin harshe. Hausa tana hawa tana sauka, tsawon wasali ma yana sauya ma'ana. Mawaƙin soyayya ya rufe ɗango da yabon dogon wuya, amma kiɗan da ya saya a shirye ya ɗaga sama a gaɓar ƙarshe, sai kunne ya ji wuya ta wahala. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya faru ba. Zai dai ji waƙar ba ta kwanta masa ba, ya ja yatsa ya wuce. Tsofaffin makaɗa ba su cika faɗawa wannan rami ba, don kalangu da kotso da gurmin Haruna Uji na Haɗeja bin magana suke yi. Yau kiɗan ake fara haɗawa a kwamfuta, sannan a zo a tura kalmomi ciki ko sun shiga ko ba su shiga ba.

Na'ura ma ba ta taimaka a nan. Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997 kuma ya zama gishirin kowace situdiyo, aikinsa ya ja murya zuwa sautin fiyano mafi kusa. Ya san fiyano, bai san Hausa ba. Yana iya ɓoye wa yaro cewa muryarsa na kaucewa har sai ranar da aka ba shi makirfo a wurin biki. Mai situdiyon da ya karɓi kuɗinsa kuma, ko mutumin kirki ne, ba shi ne zai ce masa waƙar nan ba ta nuna ba, koma gida ka sake zama. Akwai mai jiran layi a waje, ga kuɗin man janareta.

Duk waɗannan abubuwa an rubuta su, ana koyar da su. Abdulƙadir Ɗangambo ya yi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi Jagoran Nazarin Waƙar Baka, kuma wanda ya karanta Hausa a kwaleji ko jami'a ya sha su. Ma'ana, malamin Hausa da ke koyarwa a sakandare a Kiyawa ko Birnin Kudu zai iya sa yatsa a kan ɗangon da ya karye cikin minti biyu, abin da masu kallo dubu ba za su yi ba. Ba a dai tambayarsa ne, don ba shi da mabiya.

Ba kuma sabon abu nake kawowa ba. A farkon shekarun 1970 Mudi Sipikin ya jagoranci ƙungiyar Hikima a Kano, inda marubuta waƙa ke haɗuwa, kowa ya karanta tasa a gaban waɗanda suka san kari da amsa-amo, ana kuma rera waƙoƙin a rediyo. Cikinsu akwai Hauwa Gwaram, 'yar garin Gwaram da ke cikin masarautar Dutse a yau, wadda waƙoƙinta da na Hajiya 'Yar Shehu suka fito a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Na ambace ta da gangan, don Malam bai ce komai game da mata ba. Yarinyar da Allah ya ba murya a Limawa ko Sakwaya, in ta bi shawararsa ta ɗora fuskarta da waƙarta a gaban duniya, abin da zai dawo mata ba maganar kari ba ce. Maganar tarbiyyarta za a yi, da ta iyayenta, da ta wanda zai aure ta. Da yawa daga nan suke ajiye waƙa har abada, ba tare da kowa ya taɓa gaya musu ko sun iya ko ba su iya ba.

Kada a ɗauka ina cewa a jefar da waya. Wayar nan ita ce mafi kyawun ɗan aike da mai koyon waƙa ya taɓa samu. Alƙalanci ne ba nata ba. Abin da Hikima ke yi a zaure, saƙon murya na WhatsApp yana yin sa yau ba tare da an hau mota ba, kuma yarinyar Limawa tana iya yin sa daga ɗakin mahaifiyarta. Sharaɗin shi ne a tura kafin a saki. Waƙar da ta shiga memorin mutane ta fita hannunka, ko daga baya ka gano baitin da zai jawo maka rigima da wani gida ko da malamai. Shi ya sa mai waƙar bege ya fi kowa bukatar malami ya duba masa kalmominsa tun suna takarda. A tura murya tsurarta, babu kiɗa babu Auto-Tune, tare da rubutattun baitoci. A tura wa mutum uku ko huɗu da aka zaɓa, kowa da abin da ya sani: mai Hausa ya duba kalma, makaɗi ya duba hawa kiɗa, wani mai situdiyon da ba shi ya yi aikin ba ya saurari yadda aka haɗa sauti.

Sannan a iya tambaya. "Ya ka ji waƙar?" amsarta ɗaya ce a ƙasar Hausa: ta yi, ma sha Allah. Amma in ka ce, wane baiti ne in an cire shi ba za a yi asara ba, ko a ina ka fara jin ta yi tsawo, ko wace kalma ce ba ka ji ta sosai ba, ka ba mutum ƙofar da zai faɗi gaskiya ba tare da ya ji ya ci fuskarka ba. Bahaushe ya riga ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai dai ba ya fara faɗa sai ya tabbata ba za a riƙe shi a zuci ba. Akwai ma gwajin da ba ya bukatar baki. Ka kunna wa mutum waƙa yau, gobe ka ce ya rera maka amshinta. In ya kasa, amshin ne da gyara. Ka ba mai DJ ya saka ta a tsakiyar biki ka koma gefe ka ga ko fili ya cika ko an tafi shan ruwa. Ka saurare ta a ƙaramar waya mai tsagaggen sifika, don a nan yawancin mutanenmu za su ji ta, kuma kiɗan da ya yi daɗi a manyan sifikun situdiyo sau da yawa a nan yake cinye murya.

Lamba ɗaya ce na yarda tana koyarwa, ita ma Malam bai ambace ta ba. YouTube yana nuna wa mai bidiyo zanen da ke bayyana daƙiƙar da mutane suka fara barin kallo. Wannan ya fi jimillar masu kallo amfani nesa ba kusa ba, don shi kaɗai ne ya yi kama da abin da Shata ke gani a dandali. Amma ko shi wurin yake nunawa, ba ya faɗin dalili. Sai ka ɗauki daƙiƙar nan ka kai wa wanda ya sani ya gaya maka me ya faru a cikinta.

Na san abin da za a ce: masu gyara ma suna kuskure, wasu suna da hassada, wasu kuma duk abin da bai yi kama da na zamaninsu ba ɓatacce ne. Haka ne. Da an bar wa wasu dattawa hukunci, da waƙar fiyano ba ta fito ba sam. Shi ya sa na ce mutum uku ko huɗu, ba ɗaya ba, kuma tambaya ƙarama, ba neman izini ba. In mutum ɗaya ya ce baiti na biyu ya yi rauni, ra'ayinsa ne. In uku da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, a koma a duba. Yanke hukunci na mai waƙa ne. Kuma in ana tsoron a mayar da kowa iri ɗaya, to bin lamba ya fi kowane dattijo yin wannan ɓarna, don yaron da ke kallon abin da ke tashe kullum zai ƙare yana kwaikwayon muryar wanda ke tashe, har ya goge Hausar garinsu daga bakinsa don kada a yi masa dariya.

Maimakon a sallami yaran nan ga intanet a ce Allah ya ba da sa'a, akwai abin da Dutse za ta iya yi da abin da ke hannunta. Ga Rediyon Jigawa, ga Freedom Radio Dutse, ga malaman Hausa, ga tsofaffin makaɗa da ke masarautar. Rabin awa a mako ya isa: mai koyo ya turo waƙa ɗaya ta WhatsApp da yardarsa, a saka ta, malami da makaɗi su feɗe ta a hankali, ɗango-ɗango, su ce nan ya yi, nan ga abin da ya karye ga kuma yadda za a ɗora shi. Wanda ba ya so a faɗi sunansa a sakaya, musamman mata. In Malam yana da hanya a ɗaya daga cikin gidajen nan, ya kai maganar. Ni na ɗauki nauyin nemo malamin Hausar.